Ƙofar Hagu

Shekara goma sha tara tana gindin mangwaro
a gidanmu na Unguwar Mu'azu,
farar Fijo da ta koma launin kunun tsamiya.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
ɓera ya yi sahur da wayoyinta,
tayoyi huɗu sun durƙusa kamar masu neman gafara.
Sau uku 'yan gwangwan suka zo da sikeli,
sau uku Baba ya ce, "Ba nama ba ce."

Shi ya ɗaura mata ƙofofi a Kakuri,
zamanin da jiniyar kamfani ke tada unguwa,
zamanin da yake hango kan noti daga nesa.
Yanzu ko fuskata sai ya laluba.

Ran wata Asabar na ja ta da igiya har Panteka.
Jatau ya ɗaga bonet, ya yi dogon tsaki,
ya sa sifana, ya hau da ƙafa, ya yi nishi.
Inji ko gezau.
Ya ce, "Wannan ya rasu tun ba ka yi gemu ba.
Jikin dai da sauran kwana.
In kana da kuɗi, a nemo mata zuciyar aro."

Ba ni da su. Na sayar da babur,
na ci adashin wata biyar tun bai zo kaina ba.
Aka sauke wani ɗan Japan daga bayan tirela,
sumul, ba kafireto, ba wurin sa bakin tsotso,
sai wayoyi kamar taliyar da aka zubar.

Bai zauna ba.
Ramin na wani ne, shi kuwa baƙo.
Barau mai walda ya yanka, ya auna, ya ƙara yankawa,
ya ƙera masa ƙafafu da ƙarfen tsohon gado.
Giya ta ƙi gaisawa da shi sati uku.
Lagireto ya tafasa har sau biyu,
na biyun a kan hannuna. Ga tabon.

Sai Rifkatu rewaya ta zo da kwamfuta a jakar goyo,
ta zauna a kan bulo tana cin gyaɗa,
tana bin waya ɗaya-ɗaya kamar mai tsefe kai.
Da la'asar ta ce, "Murɗa."
Na murɗa.
Ban ma san ya tashi ba
sai da na ga ruwan kofi yana rawa a kan bodi.

Jatau ya so ja, mai ƙyalli.
Na ce fari, irin na da.

Ran da na kawo ta gida
na riƙo hannun Baba har bakin titi.
Muka bi ta filin wasa, muka hau gada,
kogi ya cika, iska na shigowa ta taga.
Ya karkata kunne, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Ina tarin da take yi in an sa giya ta uku?
Wannan ba muryarta ba ce, Ɗanjuma.
Wata ce ta sa zanenta."

Na rasa ta cewa. Na tsaya a Kakuri,
daf da katangar da ya ba shekara ashirin da shida.
Ya laluba, ya buɗe, ya fito,
ya zagaya yana shafa ta har ɓangaren direba,
ya kama ƙofar hagu, ya sake ta da yatsa biyu.

Ƙup.

Ya sake buɗewa. Ya sake saki.

Ƙup.

"Ka ji?" in ji shi. "Ba wanda ya taɓa wannan."
Na ce babu.
Ya ce, "To, mu je. Taka ta mu gani."

Tsohon injin yana nan gindin mangwaro.
A kansa yake zama da hantsi,
rediyo a cinya,
kaji na kewaya shi suna neman tsohon gidansu.